Wata na Bakwai da Buzuki: Sautin da Na Nema Na Rasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyo. Yau na cika wata bakwai da fara taɓa buzuki, abin kiɗan Girkawa mai dogon wuya da tsirkiya shida, wato jeri uku na tsirkiya bibbiyu, wadda ake saitawa a kan sautukan da ake kira re, la, re. Kanta ta fito a yatsun hannuna na hagu, kuma yanzu ina iya riƙe bugu tara na kiɗan rawar Girkawa da ake kira zeibekiko ba tare da na ƙirga da baki ba, ko da yake hannun dama yana gajiya da wuri idan na zo wajen karkaɗa fena, ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi. Tsirkiya ɗaya ta tsinke mini a hunturu, na yi mako uku ina jiran sabuwa, kuma a wannan zaman jira ne na warware abin da ya daɗe yana damuna.

Ga yadda abin ya faru. Ina bin wani tsohon faifai na kiɗan mutanen Simirna, birnin Izmir na Turkiyya a yau, wanda goge irin na Turawa da udu, molon Larabawa, suke jagoranta, ina ƙoƙarin ɗauko waƙar a kan abin kiɗana. A hanyar kiɗa, wato jerin sautuka, da Girkawa suke kira Usak, sauti na biyu ya ƙi zama: idan na danna gurbi na farko a wuyan buzukin sai ya yi ƙasa, idan na matsa gurbi na biyu sai ya haura, abin da nake ji a faifan kuwa yana tsakaninsu. Na zargi kunnena, na zargi saiti, har na kusa ɗaga jakin in gyara masa zama, kafin na fahimci cewa sautin babu shi a kan wuyan buzuki sam, domin ƙarafan da aka gitta a wuyan an kafa su ne bisa lissafin kiɗan Turai, kamar na jita. Wanda ya tashi yana jin garaya da molo da gurmi, waɗanda sandarsu sumul take, yatsa yana sauka inda kunne ya so, zai gane irin takaicin da na ji.

Masu son buzuki suna yawan cewa shekarunta sun haura dubu biyu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A gidan adana kayan tarihi na birnin Atina akwai wani sassaƙen dutse da aka samo a Mantineya, na wajen shekara 330 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda yake nuna mace a zaune riƙe da abin kiɗa mai dogon wuya da ƙaramin ciki, wanda mutanen da suke kira fandura. A zamanin Rumawan Gabas da na Daular Usmaniyya, dangin wannan abu ya ci gaba da sunan tambura, har tamburar Janar Makriyannis, ɗaya daga cikin mayaƙan neman 'yancin Girka na 1821, tana nan a ajiye a Atina. Sai dai tambura zare ake ɗaura mata a wuya maimakon ƙarfe, kuma makaɗi yana iya matsar da zaren sama ko ƙasa, don haka sautin nan da na rasa yana nan a hannunta. Sunan buzuki ma kansa daga Turkanci ya fito, daga kalmar bozuk, wadda take nufin abin da ya karye ko aka sauya masa fasali, kuma sunan wani salon saita tsirkiya ne a wajen makaɗan saz, abin kiɗan Turkawa mai dogon wuya.

A nawa ganin, buzukin da muke riƙewa yau 'yar ƙarshen ƙarni na 19 ce da farkon na 20, lokacin da masassaƙa suka ari fasahar mandolin, wani ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya na birnin Nafoli a Italiya. Suka riƙa harhaɗa ƙoƙon da siraran tsagin katako maimakon a fafe gungume ɗaya, suka sa makullan ƙarfe masu juyawa a madadin turakun itace, sannan suka kafa ƙarafan wuya daram. Abin kiɗan ya ƙara amo, ya daina saurin kwance saiti, amma ya yi asarar ƙananan sautukan tsakani. Ɗaya daga cikin masassaƙan wancan lokaci, Anastasios Stathopoulos, ya bar Simirna ya koma birnin Niyok a 1903, kuma shagonsa ne daga baya ya zama kamfanin jita na Epiphone.

Sunayen hanyoyin kiɗa kuwa ba su canza ba. Girkawa suna kiransu dromoi, ma'ana hanyoyi, kuma a cikinsu akwai Hijaz da Rast da Sabah, sunayen da duk mai sauraron manyan makaranta Alƙur'ani na Masar ya taɓa jin an ambata a zancen muryoyi. Suna ya zauna, amma an danne kowace hanya ta shiga cikin ƙarafan wuya. Abin da tsofaffin makaɗa suke yi da Usak, kuma shi nake koya yanzu, shi ne su taɓa gurbi na biyu idan suna hawa, su dawo ta gurbi na farko idan suna sauka, sai kunne ya ɗauka ya ji abin da yake tsakani.

Bayan ƙonewar Simirna a 1922 da musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, mutane fiye da miliyan ɗaya suka kwarara Girka, da yawansu suka sauka a unguwannin talakawa na tashar jiragen ruwa ta Fireyas. Ƙwararrun makaɗan da suka zo da su masu goge da udu da santuri ne, wato abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da ƙananan sanduna, buzuki kuwa a lokacin abin 'yan dako ne da fursunoni da masu zaman ɗakunan shan wiwi, abin da mutumin kirki ba ya so a gan shi da shi. Ƙanwarta baglama, wadda ba ta wuce a ɓoye ta cikin riga ba, a kurkuku ta yi suna. A 1932 Ioannis Halikias ya ɗauki wani kiɗan buzuki a faifai a Niyok, faifan ya karɓu, kamfanonin faifai na Atina suka buɗe wa makaɗin buzuki Markos Vamvakaris ƙofa. An haifi Markos a tsibirin Siros a 1905, ya yi dakon gawayi, ya yi fiɗa a mayanka, kuma an ce ya rantse zai datse hannunsa idan bai iya buzuki cikin wata shida ba. Ni da nake wata na bakwai ina fama da hanya ɗaya, na gode wa Allah da ban yi irin wannan rantsuwa ba. Mulkin kama-karya na Metaxas da ya fara a Girka a 1936 ya sa wa rebetiko, wato waƙoƙin waɗannan unguwannin talakawa, takunkumi, ya kuma tsani duk abin da yake da ƙamshin Gabas, wanda ya ƙara tura kiɗan zuwa ga sautin Turai.

Wasunku sun tambaye ni dalilin da ban sayi buzuki mai jeri huɗu ba. Wannan samfuri Manolis Chiotis ne ya yayata shi a shekarun 1950, ana saita shi do, fa, la, re, ta yadda mai jita zai ɗauka ya kama nan take, kuma shi ne sautin da duniya ta fi sani da Girka. Ba na raina shi, yana da sauri da ƙyalli. Amma mai jeri uku tana tilasta wa hannu ya yi tafiya sama da ƙasa a kan tsirkiya ɗaya, sauran biyun suna gunji a ƙarƙashi, kuma wannan gunjin ne ya fara jawo ni, domin ya tuna mini da yadda mai garaya yake barin tsirkiya ɗaya tana amsa wa ɗaya.

Aikin watan gobe, in Allah ya kai mu, taksimi ne, wato buɗe kiɗa ba tare da bugu ba, minti ɗaya kacal a kan Usak, kullum bayan la'asar. Wanda a cikinku yake da tambura ko saz mai zaren wuya, ina roƙonsa ya ɗauko mini wannan sauti na biyu shi kaɗai, a hankali, sau uku ko huɗu, in ajiye shi kusa da nawa in riƙa gwadawa.