Fim Ba Waƙa Ba Rawa

Aikin dare nake yi, a wani katafaren sito kusa da filin jirgin saman Liège a ƙasar Beljiyam, inda jiragen kaya ke sauka suna tashi har gari ya waye. Ɗauki kwali, duba lamba, tura gaba. In na dawo na yi asuba na kwanta sai azahar nake farkawa, daga nan kuma har lokacin komawa aiki ba ni da inda zan sa kaina. A Maraɗi wannan ne lokacin fada: a ɗora shayi, a yi ta musun ƙwallo da siyasa har a kira magariba. Nan kuwa kowa ya ja ƙofarsa ya rufe, maƙwabcinka sai dai ka ji takunsa a matakala, da hunturu kuma kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya sauko. Wasu 'yan uwa waya ce ta cinye musu wannan lokaci. Ni silima ce ta cinye nawa.

Tun kafin in samu aiki abin ya fara. Matar da ke kula da takarduna a ofishin taimakon jama'a ta miƙo mini wasu 'yan tikiti na ƙungiyar Article 27, wadda ta ɗauko sunanta daga sashe na 27 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta duniya, inda aka ce kowa na da rabo a al'adu da fasaha. Da tikitin nan marar hali zai shiga silima ko gidan wasan kwaikwayo da yuro 1.25 kacal. A Liège akwai gidajen silima uku da ƙungiyar Les Grignoux ke riƙe da su, Sauvenière da Churchill da Le Parc. Yawancin abin da suke nunawa finafinai ne da mai tsara su ya yi yadda ransa ya so, ba yadda kasuwa ta so ba, da ɗan kuɗi kaɗan da tallafin hukumomin al'adu. Da harshen da aka yi su ake nuna su, fassara na gudu a ƙasa.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kano mun saba a riƙe mana hannu. In abin baƙin ciki zai faru, kiɗa zai riga gaya maka. Mugu tun daga gashin bakinsa ka gane shi. In zance ya yi nauyi a sako waƙa ka huta. Ban raina wannan ba, har gobe in kewar gida ta taso shi nake kunnawa. Amma a nan ba mai riƙe hannunka. Mutum zai yi minti guda cur yana ɗaure takalmi, kyamara na tsaye a kansa, ba kiɗa ba magana. Sai kuma fim ya yanke a tsakiyar tafiya, fitilu su kama, tsofaffin Turawa su miƙe suna gyara mayafin wuya, hankalinsu kwance. Abin kamar goro ne, ɗaci za ka fara ji, zaƙin sai ka kora da ruwa.

Wani dattijo a benen da nake haya ne ya sa ni a hanya. Mahaifinsa na cikin 'yan Italiyar da aka kwaso bayan yarjejeniyar 1946, lokacin da Beljiyam ke neman masu shiga rami su haƙo kwal, Italiya kuma ke neman kwal ɗin. Shi kansa a masana'antar ƙarfe ta Seraing ya ƙarar da ƙarfinsa. Seraing gari ne manne da Liège a bakin kogin Meuse, inda wani ɗan Ingila, John Cockerill, ya kafa masana'antar a 1817, aka kuma sanar da kashe manyan murhunanta a 2011. Ranar da ya ga jaridar jadawalin silima a hannuna sai ya tsayar da ni a ƙofa.

"Ɗana, ka san 'yan uwan nan biyu, Dardenne?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To ai ba ka san garin da kake zaune ba."

Jean-Pierre da Luc Dardenne wa da ƙane ne, 'yan yankin nan, kuma kusan duk finafinansu a Seraing da kewayenta suka ɗauke su. Sau biyu suka ci babbar lambar bikin finafinai na Cannes, a 1999 da 2005. Na je ɗakin karatu na gari na ari faifan La Promesse, wanda suka yi a 1996.

Labarin wani yaro ne, Igor, ɗan shekara 15, da ubansa Roger, wanda sana'arsa ita ce tara baƙi marasa takardu a wani ruɓaɓɓen gida, ya karɓi haya a hannunsu, ya kuma sa su aikin gini da ɗan abin da ya ga dama. Ranar da masu binciken ma'aikata suka yi dirar mikiya, kowa na neman maɓoya, sai wani ɗan Burkina Faso mai suna Amidou ya faɗo daga saman katakon gini. Kafin ransa ya fita ya sa yaron ya yi masa alkawarin zai kula da matarsa Assita da jaririnsu. Uban ya hana a kai shi asibiti. Ya binne shi, ya zuba siminti a kai, ya ce da matar mijinta ya gudu ne saboda bashin caca. Sauran fim ɗin yaro ne tsakanin ubansa da alkawari.

Abin da ya hana ni barci ba mutuwar Amidou ba ce. Roger ne. Mutum ne mai son ɗansa, yana wasa da shi, ya ba shi zobe irin nasa, har suka hau dandamali a mashaya suka rera waƙa tare. Duk wanda ya taɓa aiki a ɓoye a Turai ya san wannan mutumin: shi zai kira ka abokina, ya ba ka tsohuwar rigar sanyinsa, ranar biya kuma ya zaftare rabi ya ce takardu ne suka ci. Fim ɗin bai yi masa ƙaho ba, bai kuma wanke shi ba. Ita ma Assita ba a mai da ita abar tausayi kawai ba. Mace ce mai taurin kai da shakkar kowa, ta yanka kaza ta duba kayan cikinta don ta san inda mijinta yake, ba a kuma yi mata dariya a kan haka ba. Titunan da suke bi kuwa su ne nake bi a bas, gidajen jan bulo da hayaƙi ya dafar, da bututun masana'antar da suka daina numfashi.

Rosetta, wanda ya ci lambar 1999, wani abu daban ya yi mini. Yarinya ce Baturiya da ke kwana a tirela a bayan gari tare da uwarta mashayiya, ba abin da take so a duniya sai aiki, kowane iri, mai albashi da takarda. Kyamara na bin ƙeyarta tana sauri, tana tsallaka babban titi, tana sauya takalmi da na roba da ta ɓoye a bakin daji, tana jan tukunyar gas. Har ta kai ta tona asirin saurayi ɗaya tilo da ya yi mata alheri don ta gaje wurinsa a rumfar sayar da wainar fulawa. Émilie Dequenne da ta fito a matsayinta ba ta taɓa yin fim ba kafin nan, ta kuma samu lambar gwarzuwar 'yar wasa a Cannes; ta mutu a 2025 tana da shekara 43. Fim ɗin ya ratsa ƙasar har wani shirin gwamnati na sama wa matasa aiki aka yi masa laƙabi da sunan Rosetta. Kafin in gan shi, Turawan da muke ɗaukar kwali tare duk masu hali ne a idona, masu ƙasa, waɗanda in sun faɗi akwai katifa a ƙarƙashinsu. Bayan na gan shi na fara lura da wanda ke zuwa da busasshen burodi kullum, da wadda ke rawar jiki duk ranar da za a sabunta kwantiragin mako. Gaisuwarmu ma ta sauya.

Ina da ƙorafi a kansu, ba zan ɓoye ba. A La Promesse baƙar fata aka binne. A La Fille inconnue na 2016 wata yarinya 'yar Afirka ce ta danna ƙararrawar likita da dare ba a buɗe mata ba, aka tsinci gawarta, fim ɗin kuma ya koma kan lamirin likitar. Tori et Lokita na 2022, labarin yara biyu 'yan Afirka da ke cewa su ya da ƙane ne don a ba yarinyar takardu, na fito daga kallonsa raina a ɓace. Na ce shin mu ba ma aure ne, ba ma suna, ba ma dariya a ƙasar nan? Sai dai akwai inda Lokita ke waya da mahaifiyarta, uwar na tambayar kuɗin makarantar ƙanne, ita kuma masu fasa-ƙwaurin da suka shigo da ita sun riga sun ƙwace abin da ta tara. Wannan wayar, ba wanda ke cikinmu da bai taɓa amsa irinta ba. Ban san yadda tsofaffin Turawa biyu suka jiyo ta ba, amma sun jiyo ta daidai.

Baba maƙwabcina ya ara mini na ƙasar iyayensa, Ladri di biciclette na Vittorio De Sica, 1948. Magidanci ya samu aikin liƙa takardun talla a Roma bayan yaƙi, matarsa ta jinginar da zannuwan gado aka fanso kekensa, ranar farko aka sace keken, shi da ɗansa suka shiga gari nema. Ba 'yan wasan sana'a ba ne, mutanen gari aka ɗauko. Duk ɗan kabu-kabun da aka taɓa sace wa babur ya kalli wannan. Wanda ke son abin da zai ɗan sassauta masa zuciya ya nemi Le Havre na Aki Kaurismäki ɗan Finlan, 2011, inda tsoho mai goge takalma ya ɓoye wani yaro ɗan Afirka daga 'yan sanda, unguwa duka ta rufa masa asiri. Mutanen ciki ba sa murmushi, kai ne za ka yi ta yi. Akwai kuma na Agnès Varda na 2000 a kan masu kala, daga masu tsintar dankalin da injin ya bari a gonakin Faransa har masu kwasar ragowar kasuwa bayan an tashi. Wanda ya taɓa kalar gyaɗa yana yaro ba ya buƙatar bayani. Gargaɗi ɗaya: da yawa daga finafinan Turai akwai tsiraici a ciki, ba su ɗauke shi komai ba, don haka a bincika kafin a zauna da iyali. Kuma a daure a kalla a babban allo ko talabijin. A waya, tsakanin saƙo da saƙo, shirun nasu ba ya aiki.

Sai da na zo nan na san cewa Nijar na da hannu a wannan tarihin. A Yamai kowa ya san cibiyar al'adun da a da take da sunan Jean Rouch da wadda ke da sunan Oumarou Ganda, amma mu sunayen gine-gine muka ɗauke su. Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya koma ɗaukar fim da ƙaramar kyamara a kafaɗa. A 1958 ya fitar da Moi, un noir, wanda ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, a kan samarin Nijar 'yan ci-rani masu dako a bakin teku. Ganda ne jigon fim ɗin, shi ya ɗora muryarsa a kai yana ba da labarin kansa yadda ya ga dama. Matasan Faransa da suka sauya fasalin silima a shekarun 1960, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba masa ƙwarai, sun kuma ɗauki darasi daga wannan salon na bin mutum a titi da kyamara. Ganda ya zama mai tsara fim da kansa, shi ya fara cin babbar lambar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Rouch kuwa a hanyar Birnin Ƙonni ya yi haɗarin mota ya mutu a 2004, a Yamai aka binne shi. Ashe kyamarar da ke bin ƙeyar Rosetta tana da dangi a wajenmu.

Akwai wani Alhaji ɗan Damagaram da ya daɗe a ƙasar nan, shi ke tara mu ranar salla. Kullum tsiya yake mini.

"Kai yaro, kuɗinka ne ya yi yawa? Fim ba waƙa ba rawa, ba a ma gaya maka wanda ya ci?"

Na lallaɓe shi muka kalli Deux jours, une nuit na 2014. Marion Cotillard ce ta fito a matsayin Sandra, ma'aikaciyar da ta yi jinya za ta koma aiki, sai mai kamfani ya ba abokan aikinta 16 zaɓi: ko a mai da ita, ko kowannensu ya karɓi ƙarin yuro 1,000. Asabar da Lahadi kawai gare ta ta bi su gida-gida tana roƙo. Wani na da kuɗin makarantar yara, wata ta fara gini, wani ya fashe da kuka don kunya. Akwai wani baƙar fata mai kwantiragin wucin gadi da ke son taimakonta amma yana tsoron shugaban aiki ya gano.

Alhaji bai ce uffan ba har muka hau bas. Can ya juyo.

"In gaya maka gaskiya? Da ni ne, da na karɓi kuɗin. Yuro dubu ya haura jika ɗari shida da hamsin. Ka san buhun hatsi nawa ke nan a gida? Mutum nawa ke jirana?"

Na ce, "Alhaji, in kuma kai ne mai bin gidajen fa?"

Ya ce wannan wata magana ce daban, na ce ita ce dai maganar. Muka yi ta ja har direba ya leƙo mu ta madubi, Alhaji ya wuce tasharsa da biyu, ya sauka yana cewa in nemo masa faifan, Hajiya za ta raba mana gardama.