Fulogi huɗu a kan tsumma

Fijo 504 ɗin da nake hawa ta girmi babban ɗana. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar PAN da ke Kakuri, wadda ta fara fitar da motoci a 1975. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya saye ta. Da aka zo rabon gado ta faɗo a kasona, ƙannena suna ta dariya wai an haɗa ni da ciwon kai. Shekara da shekaru ba ta kunyata ni ba sai hunturun bara.

Abin ya fara ne da safe. In murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa, har batir ya gaji. Yaran layinmu sun gane, da sun ga na fito da jaka sai su taru a bayan motar tun ban kira su ba. In ta tashi kuma, a silo sai ta riƙa karkarwa kamar mai masassara, madubin gefe har rawa yake. Na taka totur a kan tudu, ta shaƙe, salansa ya yi "tas! tas!", sannan ta ja da ƙyar. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba mai zuba lita ɗaya bai ƙirga ta ba, ni kuwa tawa sha take kamar an huda tanki.

Bakanike na farko ya ce kafireta ce, wato mai haɗa fetur da iska. Ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya hura ramukanta da baki, ya karɓi kuɗinsa. Kwana biyu ta koma gidan jiya. Na biyu ya ce batir, na sayi sabo. Na uku ya leƙa, ya ga danshin baƙin mai, ya girgiza kai ya ce ringin fistin ya mutu, sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa albashin wata biyu. A daren uwargida ta ce in sayar da ita kawai in huta.

Wani direban tasha ne ya kwatanta mini wani dattijo da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano, wanda ya ce tun yana saurayi Fijo yake gyarawa. Na same shi a kan benci yana jan carbi. Na fara zuba masa labarin kafireta da batir, ya ɗaga hannu.

"Malam, kashe ta. Zo ka zauna ta huce."

Na ce sauri nake. Ya ce kan injin 504 alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, kuma wanda ya kwance fulogi da zafi zai iya fitowa da zaren ramin gaba ɗaya, daga nan aikin minti ashirin ya zama na kwana uku. Muka sha shayi. Sai da ya ɗora tafin hannu a kan inji ya ji ya yi sanyi sannan ya ɗauko doguwar sufanarsa.

Wanda bai taɓa buɗe injin nan ba zai yi mamaki: fulogin ba a fili suke ba, kowanne yana can ƙasan wani bututu da ya ratsa murfin kan inji. Baba, wato dattijon, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya jera su yadda suka fito, bai bari sun cakuɗe ba. Ya ce a Fijo ana fara ƙidayar silinda daga baya, ta wajen giyabos. Duk bakaniken da na bi a baya ba wanda ya yi wannan. Biyu daga cikinsu ma ba su taɓa fulogin ba.

"To karanta," in ji shi.

Ni dai baƙi na gani. Shi ya nuna mini cewa baƙin kala-kala ne. Na ɗaya da na biyu da na huɗu busasshen baƙi ne, kamar kunkunniyar gindin tukunya, ka shafa ya manne maka a yatsa kamar gari. Wannan, in ji shi, alama ce fetur ya yi wa iska yawa. Ya buɗe matatar iska, ga ta cike da ƙurar hunturu, ta toshe har inji ba ya samun numfashi. Da a ce komai lafiya, bakin fulogin zai yi ruwan ƙasa-ƙasa, launin gasasshen burodi. In kuma ya yi fari fat da ƙuraje a jiki, to zafi ya yi yawa, wannan ya fi haɗari don yana iya kai wa fistin.

Na uku shi ne mai danshi, wanda ya sa aka yanke wa injina hukuncin sauka. Baba ya juya shi a hannu ya miƙo mini. Baƙin man duk a sama yake, a jikin farin tangaran ɗin da inda waya ke zama. Bakin da ke cikin silinda kuwa a bushe yake kamar sauran. Ya ce da ringi ne, ta ƙasa man zai zo, bakin ne zai jiƙe, kuma da salansa yana fitar da shuɗin hayaƙi. Wannan robar bututun ce ta tsufa ta bushe, mai yana tsiyaya daga murfi yana taruwa a kan fulogin, wuta tana bin man tana gudu. Roba ce da kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba.

Sannan ya zo kan tazara. Ya ciro ma'auninsa, wasu siraran ƙarafa da ke buɗewa kamar wuƙar aljihu, kowanne da lambarsa. Tazarar da ke tsakanin hancin fulogi da ɗan ƙarfen da ya lanƙwaso a kansa, a wannan injin, wajen milimita 0.6 ake so. Nawa sun haura milimita ɗaya. Hancin da ya kamata ya zama mai kaifin gefe ya cinye, ya yi mulmul kamar kan ashana. Ba abin mamaki ba ne in aka yi lissafi: in inji yana juyi 3,000 a minti, kowane fulogi yana tartsatsi sau 1,500, wato sau 25 a daƙiƙa guda, kuma kowane tartsatsi yana gutsurar ɗan ƙarfe. Ni kuwa na manta rabon da in canza su.

Abin da na fahimta daga bayaninsa shi ne, kwayil yana ɗaukar wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ya ɗaga ta sama da dubu goma don ta iya tsallake wannan tazarar. Tazara ta ƙaru, sai an ƙara ƙarfi. Ita kuwa wuta raguwa ce, in ta sami hanya mai sauƙi can za ta bi. Ya ce in na koma gida, bayan isha'i, in tayar da motar a duhu in buɗe bonet, kada in taɓa komai. Na yi. Ga shuɗin tartsatsi nan yana tsalle daga jikin wayoyi biyu zuwa ƙarfen inji, yana ƙara "tsit, tsit". Na kira uwargida ta gani, ta ce ashe da wuta muke yawo.

Washegari muka ƙarasa. Sababbin fulogi huɗu, wayoyi, robobin bututu, aka wanke matatar iska. Ya buɗe murfin distiribito, mai raba wuta ga silinda bi da bi, 1-3-4-2, ya tarar kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don kwayil ya ba da wuta, ya ci rami a gefe ɗaya ya yi tsiro a ɗayan. Ya canza shi tare da kwandansa, ɗan gwangwanin da ke rage masa ƙonewa, ya saita tazarar kwantak ɗin a milimita 0.4, ya gyara tayimin, wato lokacin da tartsatsi ke tashi. Wajen ɗaura fulogin bai fara da sufana ba. Guntun tiyo ya cusa a kan kowanne, ya zura, ya murɗa da yatsu har ya zauna. Ya ce in zare ya hau karkace, tiyon zai zame kafin ya yi ɓarna, sufana kuwa ba ta da tausayi.

Mai shagon da na je sayen kayan ya so ya tura mini fulogi na iridiyam, wai yana shekaru ba a canza ba. Gaskiya ne suna daɗewa, amma a motar zamani mai allurar fetur da kwamfuta. A tsohon inji mai kafireta, kunkunniya za ta rufe shi kamar yadda take rufe na talaka, kuɗin ne kawai ya ninka. Na fi damuwa da lambar zafi, wadda ke nuna yawan zafin da bakin fulogi ke riƙewa, ta dace, don ba ɗaya take a kowane kamfani ba: a NGK lamba in ta yi sama fulogin ya fi sanyi, a Bosch da Champion akasin haka ne. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Baba sai da ya duba rubutun jiki, ya shafa zaren, ya ja wanshar ya ga ba ta fita da sauƙi, kafin ya yarda a sa.

Wasu abokai sun ce in cire kwantak in sa na lantarki, in huta da saiti. Na ƙi. Kwantak in ya yi gardama a hanya, guntun sanfefa da sukundireba sun isa su kai ni gida. Wancan in ya mutu tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, sai dai igiya.

Yanzu murɗa ɗaya take tashi, ko da sanyin asuba. Yaran layi sun rasa aikin yi, ɗaya har ya tambaye ni ko na canza inji ne. Tsofaffin fulogin suna cikin but a ɗaure a tsummansu, da sabbi biyu na ko-ta-kwana.

Makon jiya na bari ta kwana ta huce, na kwance su da kaina na jera. Uku sun yi launin burodi. Na uku ya ɗan fi su duhu, kuma wannan karon a baki ne, ba a sama ba. Na kai wa Baba. Ya daɗe yana kallonsa, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Mayar da shi, Malam. Ka dawo bayan Babbar Sallah mu sake dubawa. Amma ka fara ajiye ɗan wani abu."