Fiyanon da na sayo daga Kwatano da hunturun Maraɗi

Shekara goma ina danna fiyanon lantarki a wuraren biki, amma raina na kan na katako, mai tsirkiya da guduma a ciki. A 2019 wani ɗan'uwana da ke harkar motoci a Kwatano ya aiko mini hoton wani fiyano a shagon kayan gwanjo, baƙi sumul, ƙirar Japan. Da yawa cikin na hannu da ke yawo a duniya daga Japan suke fitowa, Yamaha da Kawai, dukansu 'yan garin Hamamatsu. Na haɗa abin da nake da shi na tura.

Ya biyo kamiyo ta Malanbil, Gaya, Dosso da Ƙonni, ya iso cikin watan Agusta ana tsakar damina. Nauyinsa ya haura kilo 200, sai da ƙarti shida suka kama kafin ya shiga ɗakina a unguwar Zariya. Muryarsa a lokacin, wallahi, har maƙwabta leƙowa suke.

Da Disamba ta kama, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai sauti ya soma zamewa. Waƙar da na saba ta koma kamar gurmin da ya kwana a rana. Wani dare na ji ƙas daga bayansa, na ɗauka ɓera ne.

Mai gyara sai daga Yamai na samo shi, dattijo, ni na biya masa kuɗin mota. Ya buɗe ya haska fitila, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce: "Ƙanena, ƙofar ɗakinka ba ta kumbura da damina ta saki da rani? To, wannan ma itace ne." Ya nuna mini tsirkiyoyi wajen 230, kowace a naɗe jikin ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin katako, jan da suke yi gaba ɗaya ya kusa tan 20. In katakon ya bushe, ramin ya buɗe, ƙusar ta fara juyawa baya, shi ke nan sauti ya faɗi. Ƙarar da na ji kuma faffaɗan allon baya ne, wanda ke ba fiyano murya, ya yi 'yar tsaga.

Fiyano yana son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 cikin ɗari. Fiyanona ya yi shekaru a Japan mai laima, ya zauna a bakin teku a Kwatano, sannan na kawo shi inda danshi ke sauka ƙasa da kashi 20 da hunturu, leɓe ma tsagewa yake balle itace. Masu ƙera shi ba su da laifi. Ni ne na sayi fenti a hoto, ban tambayi shekarunsa ba, alhali akwai lamba a jikin ƙarfensa da ke nuna shekarar ƙira.

Dattijon ya canza ƙusoshin da suka saki da masu ɗan kauri. Ya sa na janye shi daga bangon da rana ke duka, na mai da shi tsohon ɗakin ƙasa na iya, wanda dā nake rainawa, domin ya fi na kwano riƙe sanyi. Tun daga Nuwamba har ruwan farko nake ajiye randa biyu cike a ɗakin, tagogi a rufe saboda ƙura, na kuma rataye 'yar na'urar auna danshi. Da damina sai in kwashe randunan, don a lokacin katako da ulun ciki ke kumbura, wasu maɓallan su maƙale. Ƙafafunsa na ɗora su kan tayil saboda gara.

Tsagar tana nan, tana 'yar zizar da ni kaɗai nake ji. Sau biyu a shekara dattijon yake zuwa saiti, a Janairu da bayan kaka, kuma ranar biki har yanzu na lantarkin nake ɗaurawa a bayan babur.