Daga Marakesh Zuwa Tinmel, Bayan Girgizar Ƙasa

Ziyara ce ta kai ni Maroko a ƙarshen shekarar 2024. Da muka gama da birnin Fas, abokan tafiyata suka nufi Kasablanka domin kama jirgin gida, ni kuwa na shiga jirgin ƙasa zuwa Marakesh. A aljihuna akwai ɗan abin da muka harhaɗa a tsakaninmu domin mutanen da girgizar ƙasa ta shafa a tsaunukan Atlas. Shawarar da muka tsayar ita ce a saya musu barguna, tunda sanyi ya kawo jiki.

Wanda ya sauka Marakesh a lokacin, da wuya ya gane an yi wani abu. Dandalin Jami'ul Fana cike yake da masu abinci da baƙi, sai dai nan da can a tsohon gari ka ga an tokare bango da katako. Ai wata guda kacal bayan girgizar, birnin ya karɓi babban taron Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Ɓarnar tana can sama. Ranar Juma'a 8 ga Satumba 2023, da ƙarfe 11 da 'yan mintuna na dare, ƙasa ta motsa da ƙarfin maki 6.8, cibiyarta kusa da Igil, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da birnin. Mutum kusan 3,000 suka rasu, galibinsu a lardunan Alhauz da Tarudant, a ƙauyukan da dare ya riga ya tara kowa cikin ɗaki.

Da sassafe na shiga tasin haya, irin wadda ba ta tashi sai ta cika. Muka wuce Tahannaut, hedikwatar lardin Alhauz, muka fara hawa. Daga Asni abin ya fara bayyana: jerin kwantenoni da aka mayar ajujuwa da ofisoshi, tantuna masu launin rawaya da shuɗi waɗanda rana ta koɗar, an lulluɓe wasu da leda an danne da duwatsu. Makarantu fiye da 500 girgizar ta lalata, har aka kwashe dubban ɗalibai zuwa makarantun kwana a Marakesh. Bayan Wirgan hanya ta ƙuntace, dutse a gefe guda, kwazazzabon kogin Nafis a ɗaya gefen. Ana aikin faɗaɗa ta, don haka muka sha tsayawa muna jiran katafila ta gama ture duwatsu.

A wannan jiran ne hira ta ɓarke. Mutanen yankin Amazigawa ne, harshensu Tashalhit, amma direbanmu yana jin Larabci sosai, shi ya riƙa yi mini tafinta. Daga bakinsu na ji tsarin tallafin da gwamnati ta sanar bisa umarnin Sarki Muhammad na Shida: dirhami 2,500 duk wata ga kowane iyali har shekara guda, wanda daga baya aka ƙara wa watanni biyar, dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya lalace kawai. Kuɗin ginin kashi-kashi ake bayarwa, sai an zo an duba inda aiki ya kai kafin a saki na gaba. Ban ji wanda ya raina wannan ba. Kukansu biyu ne. Akwai waɗanda suka ce gidansu ya zama kufai amma aka rubuta su a rukunin 80,000, wasu ma sunansu bai fito ba sam. Na biyun kuwa sai da na hau dutsen da ƙafata na fahimce shi.

Talat Inyakub na cikin garuruwan da suka fi jin jiki. Na tarar da kasuwa tana ci a rumfunan wucin gadi, ga tarin bulo da rodi ko'ina. Wani dattijo da muka zo tare ya ce in har da gaske nake ina son ganin inda ake bukata, to in biyo shi ƙauyensu. Wata a-kori-kura ta ɗauke mu har inda hanya ta ƙare, daga nan sai sawu. A bakin wurin na ga buhunan siminti a jibge an rufe da tamfol, ga alfadarai ana yi musu lodi. Buhu biyu aka ɗora wa wanda ke gabanmu, yaro na jan sa, muna biye. Ni da ba na ɗauke da komai sai jaka, sai da na zauna hutawa a hanya, numfashi na neman gagarata.

To, a nan lissafin yake karyewa. Dirhami 140,000 ɗin nan ɗaya ne ga mutumin da gidansa ke bakin kwalta a Asni da wanda nasa ke maƙale a ƙirjin dutse. Na farkon tifa za ta juye masa yashi a ƙofar gida. Na biyun zai biya mota, ya biya mai alfadari, ya biya masu dako, a kan kowane buhu, kowane sandar rodi, kowane bulo. Magina kuma sun yi ƙaranci, domin dubun-dubatar gidaje ake ginawa lokaci guda, kuma magini ya fi son aikin da zai gama ya kwana a gidansa. Dattijon ya nuna mini nasa ginin: an zuba tushe, ginshiƙai sun tashi, rodi na leƙen sama, aiki ya tsaya. Kashin da aka ba shi ya ƙare, na gaba ba zai fito ba sai ya kai matakin da aka gindaya, shi kuwa ba shi da abin kaiwa. Iyalinsa na shirin shiga hunturu na biyu a tanti, a wurin da dusar ƙanƙara ke sauka.

Duk da haka sai da aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo shayi mai na'ana'a da burodi mai zafi da man zaitun. Matar gidan ta rasa 'yar'uwarta da yaranta a daren. Ba ita ta faɗa mini ba, maƙwabci ne ya raɗa mini. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa da godiya ga Allah, ta ƙara mini shayi. Sun ba ni labarin kwanakin farko, yadda duwatsu suka toshe hanya, maza suka riƙa tonon 'yan'uwansu da hannu da fartanya kafin sojoji da jirage masu saukar ungulu su iso. Sun kuma tuna da ayarin motocin talakawan Maroko da suka yi ta zuwa daga birane da gari da mai da katifu, har hanya ta cushe. Ƙasashe huɗu gwamnati ta amince su turo masu ceto a lokacin: Sifaniya, Birtaniya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Waccan tururuwar ta wuce tuni. Saura aikin da ba kyamarar da ke ɗauka.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin gidajen da ake tayarwa. Tsofaffin na ƙasa ne da dutse da azara, kamar dai sorayenmu na dā, masu riƙe ɗumi lokacin sanyi su yi sanyi lokacin zafi. Da yawansu ƙasa na dabbobi ne da hatsi, sama na mutane. Bayan abin da suka gani, mutane sun tsorata da ginin ƙasa, kuma ba mai ganin laifinsu. Amma sabon ginin bulo ƙarami ne, ba wurin akuya, ba wurin ajiye amfanin gona, kuma sanyi na ratsa shi. Akwai masana gini a Maroko da ke cewa ginin ƙasa zai iya jure girgiza idan aka ɗaure shi yadda ya kamata, kayansa kuma suna nan a gindin ƙauye ba sai an hauro da su ba. Ni dai da na ga wahalar da buhu ɗaya ke sha kafin ya iso, na karkata ga maganarsu.

Kashegari na gangara Tinmel, garin da malamin nan Ibn Tumart ya mayar cibiyar da'awar Almuwahhidun, waɗanda daga baya suka mulki Maroko. Masallacinsa na ƙarni na 12 ana cikin gyaransa girgizar ta zo, ta zubar da hasumiyar da babban ɓangare na bangon. Na same shi kewaye da ƙarafan gini, ma'aikata na ware tsofaffin tubala ɗaya bayan ɗaya.

Tun kafin in bar ƙauyen dattijon na fito da maganar barguna a gaban dattawa bayan sallar Isha'i. Suka dubi juna. Liman ya ce, "Sidi, Allah ya saka da alheri. Bargo kam an kawo mana, kowane tanti akwai. Abin da ke ƙasa ne muke so ya hauro." Nan take aka kirawo masu alfadarai aka yi ciniki a gabana. Aka amince a fara da kayan wata bazawara mai marayu, sannan na gidaje biyu da aikinsu ya tsaya a kan rufi, su kuma mazan ƙauyen za su yi gayyar zuba kankare. Na kira abokan tafiyata a waya daga Talat Inyakub na shaida musu yadda aka yi da kuɗin. Ɗaya daga cikinsu ya ce in karɓo lambar limamin, zai sake aiko da wani abu kafin ƙanƙara ta rufe hanya.