Yadda muka koyi zama shiru da Bishara a ƙauyenmu

A ikkilisiyarmu addu'a da murya aka san ta. Idan mai bi da sujada ya ce a yi addu'a gaba ɗaya, sai ka ji kwanon majami'a ya ɗauka, maza da mata kowa na zuba tasa, wani da kuka, wani da tafi. A haka na tashi, kuma har gobe ina son ta. Kakanninmu Maguzawa ne a nan kudancin Kano, wajen Sumaila. Tun da bishara ta shigo gidanmu ta hannun masu bisharar ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda ikkilisiyoyinsu suka zama ECWA a 1954, waƙa da addu'a mai ƙarfi su suka riƙe mu. Mutanen da ba su da yawa a gari suna bukatar su riƙa jin muryar juna.

Sai dai akwai lokacin da baki kan ci gaba da aiki alhali zuciya ta tsaya cak. Ni ya same ni ne a shekarar da muka binne ɗanmu na biyu, zazzaɓin damina ya ɗauke shi yana rarrafe. Ni ne malamin makarantar Lahadi, ana sa ni addu'a in yi ta tsaf, jama'a su ce amin, in koma in zauna ban san abin da na faɗa ba.

Ƙanen mahaifiyata katikis ne, wato mai koyar da addini, a wani cocin Katolika a ƙauyen da ke gaba da mu. Ya zo mana bayan kaka, muna zaune a zaure, na faɗa masa halin da nake ciki.

"Ɗana," in ji shi, "to ka huta da maganar mana. Ka bar shi shi ma ya yi."

"Kawu, ta yaya mutum zai yi addu'a bai ce komai ba?"

"Buɗe Markus sura 10, daga aya 46 zuwa ƙarshe. Ka karanta a hankali sau uku. Sa'an nan ka je ka zauna kusa da makahon nan a bakin hanya. Kada ka shirya darasi a ranka, ba aji za ka shiga ba. Zauna kawai ka ga abin da zai faru."

Da na matsa masa da tambaya a kan inda abin ya samo asali, ashe hanya ce tsohuwa ƙwarai. Masu zuhudu a hamadar Masar, irin su Antoni wanda ya rasu a shekara ta 356, sukan riƙe aya guda su yi ta nanata ta suna saƙar igiya ko kwando. A ƙarni na 12 wani shugaban masu zuhudu a Faransa mai suna Gigo ya rubuta wa wani ɗan'uwansa wasiƙa, ya kasa abin hawa huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sai hutawa a gaban Allah ba tare da magana ba. Ya kwatanta shi da cin abinci, ya ce karatu shi ne kai loma baki, bimbini tauna, addu'a jin ɗanɗano, na huɗun kuwa daɗin ne kansa da ke wartsakar da mutum. Shiga cikin labari da idon zuci, wanda Kawu ya sa ni, an fi danganta shi da Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifaniya. Soja ne, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a 1521, yana jinya bai sami abin karantawa ba sai labarin rayuwar Almasihu da na tsarkaka. Daga baya ya koya wa mutane su ga wurin da labarin ya faru, su ji muryoyin, har su ji ƙanshi su taɓa.

Ni ɗan ECWA ne, ba zan ɗauko abu daga wani coci in shiga yi a ɓoye ba. Na je wurin Baba Fasto, wanda ya yi karatunsa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Bai yi dogon bayani ba. Ya buɗe mini Zabura 1:2 da Joshuwa 1:8, ya nuna mini Maryamu a Luka 2:19 tana ajiye al'amura a zuciya tana bimbini a kansu, ya nuna mini Markus 1:35 inda Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa. Ya ce, "Malam, in dai Littafi na buɗe a gabanka, kuma duk abin da ka gani za ka dawo ka auna shi da aya, je ka yi."

Wurin yi ya fara ba ni wahala. Matiyu 6:6 ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, mu kuwa gidan gandu ne, kafin gari ya waye awaki sun fara, turmi ya fara, yara sun fara. Makullin majami'a yana hannuna, sai na mai da can ɗakina. Kiran sallar asuba na maƙwabtanmu Musulmi shi ne agogona. Da na ji shi sai in ɗauki tocila da bargo in fita. Da damina, da ba a barin gona, nakan yi ne lokacin hutun rana a gindin darbejiya. Gindin tsamiya ya fi inuwa, amma ba na zama can ido rufe, domin kowa a nan ya san abin da iyayenmu suka ɗauki tsamiya, ba na so in sa wani tuntuɓe.

Da na zauna da makahon nan na ƙofar Yariko, abin da ya fara zo mini ƙura ce da ƙarar takun taro. Shi ba ya gani, don haka ni ma sai na bi ta kunne: hayaniya tana matsowa, wani ya ce Yesu Banazare ne, sai ihu a gefena, "Yesu Ɗan Dawuda, ka ji tausayina!" Mutane suna kwaɓarsa ya yi shiru, shi kuwa yana ƙara ɗaga murya. Na sha koya wa yara wannan labari, amma a zaman nan ne aya 49 ta kama ni, inda aka ce Yesu ya tsaya. Duk taron nan mai tafiya ya tsaya saboda mai bara guda. Makahon, mai suna Bartimawas, ya yar da mayafinsa ya zabura. Sai tambayar ta zo, "Me kake so in yi maka?" A nan na ji kamar ni aka juyo aka tambaya, kuma ba ni da amsa. Na yi ta komawa wurin nan asuba bayan asuba, ina tsayawa a kan tambayar. Na zaci abin da zan ce shi ne ya dawo mini da yarona. Ranar da amsa ta fito, cewa na yi, "Ubangiji, ina so in daina jin haushinka." Ban taɓa faɗin haka ga kowa ba, ko ga kaina. A addu'ar murya ba zai taɓa fitowa ba, domin baki ya riga ya san kalmomin da suka dace a ji.

Kada wani ya zaci kullum haka ake samu. Ranakun da ba ka jin komai sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ka zauna da niyyar bin Yesu, sai ga kuɗin taki, ga bashin mai shago, ga akuyar da ta shiga gonar maƙwabci. Kokawa da tunanin nan ƙara masa ƙarfi take yi. Abin da nake yi, in ɗauko kukan makahon in maimaita a hankali tare da numfashi, har hankali ya dawo. Kiristocin Gabas sun daɗe suna wata gajeriyar addu'a irin wannan, wadda ta tsiro daga kukan Bartimawas da na mai karɓar haraji a Luka 18:13. Kuma lokacin da na yanka wa kaina, wajen minti 20, nakan cika shi ko da daɗi ko babu.

Matata ce ta kai maganar zumuntar mata, shugabarsu ta aiko in zo in bi da su. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, amma har yau yawancin tsofaffin matanmu da kunne suke karɓarsa. Duk wanda ya ce rashin karatu zai hana su wannan addu'a bai gwada ba. Macen da ta saba riƙe lissafin adashi da tarihin dangi a ka, in aka karanta mata labari sau uku ta riƙe shi fiye da mai takarda a hannu. Ga shi kuma duniyar Bishara ba baƙuwa ba ce a wurinsu: rijiya, tulu, jaki, masussuka, tumakin da suka ɓata, duk da su suke kwana suke tashi.

Da Yohanna sura 4 muka fara, labarin Yesu da matar Samariya a bakin rijiya. Suna zaune a tabarmi, wasu da goyo. Na karanta sau ɗaya don a ji labarin, na biyu don kowace ta kama kalmar da ta tsaya mata, na uku kuwa a hankali ƙwarai. Sai na jefa tambaya uku kawai, da tazara a tsakani: rana ta kai ina, yaya nauyin tulun, wa kika tarar a bakin rijiya? Daga nan na kama bakina kamar minti 10.

Abin da suka fito da shi ya fi wa'azin da zan iya shiryawa. Wata tsohuwa da duk muke kira Goggo ta ce, "Malam, ya roƙi ruwa kuma bai zo da guga ba. Baƙo ne na gaske, a hannunta yake." Wata ta tsaya a aya 28, ta ce ba macen da za ta bar tulunta a rijiya sai in abin da ta ji ya fi tulun. Ta ukun, da izininta nake faɗa, aurenta ya mutu ba sau ɗaya ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Ya lissafa mata mazanta biyar, amma bai tashi daga wurin ba. Ni duk wanda ya ji labarina matsawa yake yi." Ba wadda ta ba ta amsa, kuma daidai ke nan. Dokarmu ce ba a yi wa kowa gyara ko nasiha a kan abin da ta faɗa, ba a tilasta wa kowa magana, kuma abin da aka ji a tabarma ba ya zuwa bakin rijiya.

Inda nake sa ido sosai shi ne iyakar tunani da nassi. Wata ta ce matar ta zo da tsakar rana ne don gudun tsegumin mata. Mai yiwuwa ne, amma Yohanna ya faɗi lokacin ne kawai, bai faɗi dalili ba. Nakan tuna musu cewa abin da muka ƙara da idon zuci namu ne, yana taimaka mana mu matso kusa, amma abin da aka rubuta shi ne Maganar Allah. Haka ni ma mai bi da su ba na sa wa Yesu kalmar da bai faɗa ba. In kuwa wata ta zo da cewa an nuna mata wani abu a kan wance, ba a nan za a zazzage shi ba, wurin Baba Fasto za a kai. Abin da mutum ya gani cikin shirunsa ba ya zama hukunci a kan wani.

Wani dattijon ikkilisiya ya tare ni bayan sujada ya ce, "Malam, wannan rufe ido da yin tsit, ba shi muka baro ba?" Mahaifiyarsa 'yar bori ce, ya ga hawan iska da idonsa tun yana yaro, don haka tambayarsa ba ta raini ba ce. Na ce, "Baba, a can mutum yakan saki kansa ne wani abu ya hau shi, in ya sauka bai san me ya faɗa ba. A nan hankali a farke yake, an ɗaure shi da aya sananniya, kuma duk lokacin da ka so sai ka buɗe ido." Ya yi shiru, ya ce zai duba. Tun ranar nake cewa wadda rufe ido bai kwanta mata ba ta dubi ƙasa kawai. Tambayarsa ce ta jawo haka, kuma ta amfane mu.

Sauran ƙananan abubuwa aiki ne ya koya mini. Labari mai motsi ya fi wasiƙun manzanni sauƙin shiga ga mai farawa, kuma gajere ya fi dogo. Macen da ta tashi tun asuba ta yi daka ta ɗebo ruwa, in barci ya sace ta a tsakiyar shiru, ba na tashin ta. Yaro in ya yi kuka a ba shi nono a ci gaba. Lokacin noman farko ba ma taruwa ko kaɗan. Masu waya sukan sa Bishara ta murya a katin waya su saurara a gida, wasu har da maƙwabta.

Maza ne har yanzu ban samu kansu ba. Baba Fasto ya fara barin minti biyu na shiru bayan karatun nassi ran Lahadi kafin wa'azi, kuma daga ɓangarenmu ne ake jin tari da ƙarar benci. Na roƙi zumuntar maza su ba ni zama ɗaya mu shiga Markus 4:26-29 tare, labarin manomin da ya yafa iri yana kwana yana tashi, irin na tsiro bai san ta yaya ba. Sun yarda, har da dattijon nan, amma sun ce sai an gama sussukar dawa, kuma kada ya faɗa ranar kasuwa.