Ɓul-ɓul da ita, amma ba jini

Daga birnin Auckland na ƙasar New Zealand, inda muke aikin jinya tare, abokiyar aikina ta kai ni ƙauyensu a tsibirin Upolu na ƙasar Samoa, da ke cikin tekun Pasifik. Ɗiyar yayarta ce ta fara tarbar mu. Shekararta takwas, ɓul-ɓul da ita, kumatu a cike. Da a gida ne, sai a ce tubarkalla, yarinya tana samun kulawa. Ni kuwa hannuna ya saba, na ja fatar idonta ta ƙasa na duba. Fari fat.

Na tambaye ta me take ci a makaranta. Taliyar leda, ɗanya. Takan murmushe ta a cikin ledar, ta zazzaga garin ɗanɗanon, ta kora da lemon kwalba. Ciki ya cika, jiki ya yi nauyi, amma abin da zai gina jini bai shiga ba. Uwarta ta ce kullum a gajiye take dawowa, har malamai na ƙorafin tana gyangyaɗi a aji.

Abin ya tsaya mini a rai, don ƙasar ba ta rasa abinci ba. Ga gwaza, ga ayaba, ga kwakwa, ga kifi a bakin ƙofa. Sai dai cutar ganye da ta faɗa wa gwazarsu a 1993 ta kassara gonaki, kuma kayan jirgin ruwa sun fi araha da sauƙin dafawa: shinkafa, naman gwangwani da suke kira pisupo, kitsen haƙarƙarin rago daga New Zealand, da gindin talo-talo daga Amurka. Gwamnati ta hana shigo da gindin talo-talon a 2007 saboda ƙiba da ciwon suga sun yi wa manya katutu, amma shigar ƙasar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012 ya sa dole aka janye haramcin. Ban ga laifin uwar da kuɗin hannunta ya kai ta ga taliya ba.

Ranar Lahadi bayan coci aka buɗe umu, wato girkin da suke yi a kan duwatsu masu zafi. Aka fito da palusami, ganyen gwaza naɗe da madarar kwakwa, da gasasshen kifi. Yarinyar ta cinye nata tas. Na roƙi uwarta ta kai ta asibiti a auna jininta ranar Litinin, ta kuma riƙa ajiye mata ragowar kifin ta tafi da shi makaranta.