Ciwon sugan Yayana da murar da ta rigaye shi

Yayana tela ne a Fagge, shekararsa 43, siriri ne tun muna yara, kuma a gidanmu kaf babu mai ciwon suga, daga ɓangaren Baba har na Inna. Shi ya sa da abin ya zo babu wanda hankalinsa ya kai can.

Hunturun bara ya yi wata mura mai zafi, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da tari, kwana goma yana kwance. Ya warke ya koma shago. Bayan kamar wata ɗaya da rabi sai matarsa ta fara cewa ruwan da yake sha ya yi yawa, jakar fiya wata ba ta kwana biyu a ɗakinsu, cikin dare ya tashi fitsari sau biyar sau shida, ga rama kamar ana zuƙe shi, wandunan da ya ɗinka wa kansa duk suka yi masa yawa. Aka ce taifot ne aka sha magani, aka ce maleriya aka yi allurai, wata gwaggonmu ma cewa ta yi jifa ne a nemo tofi. Ranar da ya kasa zura zare a allura saboda ganinsa ya yi dishi-dishi, ranar na ce Yaya tashi mu tafi asibiti. Ɗan injin da ake ɗiga jini a kai ko lamba bai nuna ba, HI kawai ya rubuta, ma'ana ya wuce abin da yake iya ƙirgawa.

Tambayar da likitar ta yi masa ita ta tsaya min a rai har yau. Ta ce Malam, ka yi wata rashin lafiya mai zafi a watannin nan? Ni dai na ce to meye haɗin mura da suga? Daga nan na shiga karance-karance.

Ashe maganar ta daɗe a wajen likitoci. Akwai wata gaɓa bayan tumbi da suke kira fankiriyas, ita ke samar da insulin mai shigar da suga cikin tsoka. Ciwon suga manyan nau'o'insa biyu ne, na 1 da na 2. A nau'i na 1 garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin, kuma an daɗe ana zargin wasu ƙwayoyin bairos da tayar da wannan rikici, irin su Coxsackie B da ƙwayar hangum da rubella. Mu mun ɗauka nau'i na 1 na yara ne kawai, alhali akwai wanda yake kama manya a hankali, LADA suke ce masa, sau da yawa ma ana ɗaukarsa a matsayin nau'i na 2 a ba mutum ƙwayoyi su yi ta ƙin aiki. Ciwon hanta nau'in C shi kuma da nau'i na 2 aka fi alaƙanta shi, don yana sa jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata.

Sai korona ta zo ta ƙara fito da zancen fili. A 2022 an fitar da wani babban bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka, mutum sama da 180,000 da suka yi cutar, aka ga haɗarin kamuwa da suga a shekarar da ta biyo baya ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ta ba. Mu nan Kano da muka ga yawan mace-macen da aka yi a Afrilun 2020 lokacin korona, mutum nawa ne suka yi zazzaɓi a gida suka daina jin ƙamshi suka warke ba tare da gwaji ba? Wallahi ina yawan tunanin wannan.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, masu binciken kansu alaƙa suka ce, ba su ce duk wanda ya yi mura zai yi suga ba. Wani dama sugan na nan kwance shekaru bai sani ba, rashin lafiyar ce kawai ta tona shi. Wani kuma maganin ne, irin su dexamethasone da prednisolone suna ɗaga suga sosai, kuma kowa ya san yadda ake sayensu a kemis ba takardar likita, har mata na sha don ƙiba. Yaya ma an haɗa masa da ɗaya daga ciki lokacin murar, wannan ya ƙona min rai ba kaɗan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne makonnin da muka ɓata muna neman taifot alhali gwajin minti ɗaya ne. In ka kwana ba ka ci komai ba aka auna sugan jininka aka ga 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, aka maimaita wata rana aka sake ganin haka, to suga ne. Ƙishirwa da yawan fitsari da rama bayan wata jinya, ko mutum siriri ne kamar sillan kara, a je a ɗiga jinin nan.

Yanzu Yaya allurar insulin yake yi safe da yamma, yana ajiye ta a gefen randa cikin jiƙaƙƙen tsumma saboda wutar nan tamu ba tabbas. Ya bar lemon kwalba da shayi mai suga, tuwon ma malmala ɗaya da miya mai ganye. Jikinsa ya fara dawowa, makon jiya na same shi a shago yana buɗe wandunan da ya rage wa ƙugu.